Waɗanda suka taɓa zuwa Auschwitz, ina neman shawararku

Bakano_a_Polan:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina karatu a Krakow, kuma ƙungiyar ɗalibai baƙi ta makarantarmu ta shirya zuwa Auschwitz ranar Asabar mai zuwa, sansanin nan da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa kisan ƙare dangi a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda yanzu ya zama gidan tarihi. Daga nan tafiyar ba ta kai awa biyu a bas ba. Na ba da sunana, amma har yanzu ina wasiwasi. Wani ɗan'uwa da muke salla tare ya ce me zai kai Musulmi can, ga abin da ake yi wa Falasɗinawa muna gani kullum. Ni kuwa gani nake mutum yana zaune dab da wuri irin wannan, ya gama karatu ya koma gida bai je ya gani da idonsa ba, ya yi asara. Wanda ya taɓa zuwa ya faɗa min abin da zan tarar. Malamai ma ku sa baki don Allah.

Injiniya_Sada:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka je. Ni daga nan Jamus na tafi takanas. Wurin kashi biyu ne, tsakaninsu kamar kilomita uku, akwai bas da ke kai mutane kyauta. Na farko tsohon barikin sojan Polan ne, gine-ginen jan bulo a jere, da bishiyoyi, har ka ce wata tsohuwar kwaleji ce in ba don wayar ƙaya da ta kewaye shi ba. A bakin ƙofa akwai rubutun ƙarfe da Jamusanci da ke cewa aiki ne ke 'yantar da mutum. A nan aka ajiye kayan da aka ƙwace wa mutane, a bayan gilashi: tulin takalma, tabarau a cukurkuɗe, burushin aski, ƙafafun katako na guragu, da gashin kan mata da aka aske, kusan tan biyu. A ɗakin gashin an hana ɗaukar hoto.

Ni ba gashin ne ya fi tsaya min a rai ba, kwanuka ne. Wani ɗaki guda an zuba kwanukan samira da butoci da tukwane, ja da shuɗi da fari, irin waɗanda iyayenmu ke jerawa a ɗaki. Matar da ta ɗauko tukunya daga gidanta ai ta sa ran za ta yi girki a inda za a kai ta. Haka aka gaya musu, wai za a sake musu matsuguni ne a gabas. Akwatunan ma kowanne da suna da adireshi an rubuta da farin fenti, wasu har da ranar haihuwa, don kar kaya su ɓace a hanya. Ka karanta ranar haihuwar, ka lissafa, ka ga mai akwatin shekararsa uku ko huɗu.

Kashi na biyu shi ne Birkenau, can ne aka yi mafi yawan kisan. Fili ne ido ba ya ganin ƙarshensa, ga layin dogo ya ratsa ta ƙarƙashin ƙofa ya shige har tsakiya. Ka sa takalmi mai kauri da rigar sanyi, don tafiyar ƙasa ce ta wajen awa uku da rabi, kuma ba inda za ka fake wa iska.

Maman_Hanifa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni karanta wannan kaɗai ya ishe ni. Ko kyauta aka ce a kai ni ba zan iya ba, sai in yi wata ban yi barcin kirki ba.

Gaskiya_Dokin_Karfe:
Ku yi haƙuri, amma ni wannan labarin ban taɓa haɗiye shi duka ba. Waɗanda suka ci yaƙi su ne suka rubuta tarihi. Na ga wani bidiyo an nuna cewa da a allon wurin an rubuta mutum miliyan 4 suka mutu, daga baya aka goge aka mayar miliyan ɗaya da ɗoriya. To in an rage kusan miliyan 3, me ya sa jimillar Yahudawa miliyan 6 da ake cewa an kashe ba ta ragu ba? A ba ni amsa, ba zagi ba.

Malam_Tukur_Tarihi:
@Gaskiya_Dokin_Karfe tambayarka tana da amsa, kuma ba mai zaginka. Maganar allon gaskiya ce. Miliyan 4 ƙiyasin Tarayyar Sobiyet ne bayan sojojinta sun shiga sansanin ranar 27 ga Janairu 1945, kuma gwamnatin kwaminisanci ta Polan ta riƙe shi har zuwa faɗuwarta. Sai dai masana tarihi ba da wannan adadi suka yi lissafin jimilla ba. Tun 1961 Raul Hilberg ya sa Yahudawan da suka mutu a Auschwitz kusan miliyan ɗaya, jimillarsa kuma ta haura miliyan 5. Wanda ya gyara adadin allon ma ma'aikacin gidan tarihin ne da kansa, Franciszek Piper, ya bi takardun jigilar mutane ƙasa bayan ƙasa: an kai kimanin miliyan 1.3, an kashe kimanin miliyan 1.1, kusan miliyan ɗaya Yahudawa, sauran 'yan Polan ne da 'yan ƙabilar Roma da fursunonin yaƙi na Sobiyet.

Abin da bidiyon bai gaya maka ba shi ne mafi yawan mutanen ba a Auschwitz aka kashe su ba. Akwai sansanin Treblinka, inda aka kashe sama da 800,000. Akwai Belzec da Sobibor. Akwai waɗanda aka harbe a bakin rami, kamar Babi Yar a Kiev, mutum 33,771 cikin kwana biyu a Satumban 1941. Wa ya ba da wannan adadi? Su masu kisan, a rahoton da suka aika wa shugabanninsu. Akwai kuma wata wayar tangaraho da wani hafsan SS, rundunar Nazi mai kula da sansanonin, mai suna Höfle ya aika a Janairun 1943, Ingila ta tare ta a iska, ya lissafa mutum 1,274,166 a sansanoni huɗu zuwa ƙarshen 1942. Kwamandan Auschwitz, Rudolf Höss, ya ba da shaida a kotu, ya kuma rubuta abin da ya yi da hannunsa kafin a rataye shi a 1947 a cikin sansanin. Polan kaɗai tana da Yahudawa sama da miliyan 3 kafin yaƙi. Ina suke?

Kuma ka lura, Jamus ɗin da ake zargi ba ta musu. A can laifi ne ma ka fito fili ka ce ba a yi ba.

Gaskiya_Dokin_Karfe:
To Malam na ji, zan bincika waɗannan sunayen. Amma maganata ta biyu tana nan: an mayar da wannan tarihi garkuwa. Duk wanda ya ɗaga murya kan Gaza sai a jefe shi da shi.

Ummu_Sumayya:
A nan kam ina tare da kai. Shi ya sa na fahimci abokin Bakano. Zuciya ba ta iya raba abubuwan nan biyu cikin sauƙi, musamman in ka kwana kana kallon gawarwakin yara a waya.

Injiniya_Sada:
Anti Ummu, ni ma ina kallo, kuma ina fita zanga-zanga a nan in an kira. Amma yarinyar da ta mutu a 1944 da takalminta ke cikin gilashin nan ba ta san wata ƙasa Isra'ila ba, sai 1948 aka kafa ta. Ba ta kori kowa daga gidansa ba, ita aka kora. Wanda ya yi amfani da sunanta ya zalunci wani, shi zai amsa. A zanga-zangar ma muna haɗuwa da Yahudawa, wasunsu jikokin waɗanda suka tsira ne.

Ustaz_Abu_Ammar:
Bismillah. Bakano, ban san wani dalili da ya hana zuwa irin wannan wuri don ɗaukar darasi ba. Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da dama a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen azzalumai ya kasance. A Suratul Ma'ida kuma an ce kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu ƙi yin adalci. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa an wuce da gawa, Manzon Allah (SAW) ya miƙe, aka ce ai Bayahude ne, ya ce ashe ba rai ba ne? Abin da zan ja hankalinka kawai: ka shiga da natsuwa, ba yawon shan iska ba ne. In an zo wurin da wasu ke yin addu'o'in addininsu, ka ja gefe da ladabi. Lokacin salla ya yi, ka nemi wuri a waje ka yi. Allahu a'alam.

Talatu_Jos:
Ni ban je Polan ba, amma da muka je ziyarar ibada Urushalima an kai mu Yad Vashem, gidan tunawa da Yahudawan da aka kashe. Akwai wani ɗaki na tunawa da yara. Duhu ne ƙirin, kana dafa ƙarfe kana tafiya, an kunna 'yan kyandirori, madubai sun maimaita haskensu ta ko'ina. Murya kawai kake ji tana kiran suna, da shekaru, da ƙasa. Yara wajen miliyan ɗaya da rabi aka kashe. Wata mama a ayarinmu da ta rasa ɗanta a rikicin Jos sai da aka riƙo ta aka fito da ita. Har muka koma masauki ba wanda ya yi waƙa a mota, mu da ba ma rufe baki.

@Gaskiya_Dokin_Karfe a can suna tattara sunaye ɗaya bayan ɗaya, sun haura miliyan huɗu da rabi.

Dan_Damagaram:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ku na Najeriya kakanninku Bama aka kai su suka yaƙi Japan. Mu namu Faransa aka kai. A lakkal an koya muna yaƙin Hitila kamar abin Turawa ne zalla, sai da na girma na ji labarin Chasselay kusa da Lyon. A watan Yunin 1940 sojan Jamus sun kama sojojin Faransa, suka ware farare gefe, baƙaƙe gefe, suka buɗe ma baƙaƙen wuta. Ana ce musu tiraye na Senegal, wato sojojin ƙasa na Senegal, amma daga duk ƙasashen Afirka ta Yamma na Faransa aka kwaso su. Har yau maƙabartarsu na nan, an yi mata ginin jar ƙasa irin na Sahel. Ke nan aƙidar da ta gina Auschwitz mu ma tana da wurin da ta aje mu. Wanda ke yabon Hitila a intanet don haushin Isra'ila, ya san da ya faɗa hannunsa ba zai kai labari ba.

Bazazzagiya:
Wallahi Dan_Damagaram ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Na sha ganin samari suna sa hoton mutumin nan a shafinsu wai gwarzo.

Malam_Tukur_Tarihi:
Ƙari kan maganar Dan_Damagaram: tun kafin Hitila, tsakanin 1904 da 1908, sojan Jamus sun yi wa Herero da Nama kisan ƙare dangi a ƙasar da yanzu ake kira Namibiya, an kora su hamada, an tsare sauran a sansanoni. Sai 2021 Jamus ta amsa sunan abin a hukumance. Wannan jinkirin ma abin tambaya ne, kuma 'yan Namibiya da yawa ba su gamsu da yarjejeniyar ba.

Bakano, in ka je kar ka tsaya kan ɗakin iskar guba kawai, ka tambayi jagoranku yadda aka kai ga nan. Hitila ya hau mulki a Janairun 1933. Ba a fara da kisa ba. An fara da kar a sayi kaya a shagon Yahudawa, sai korarsu daga aikin gwamnati, sai dokokin Nuremberg na 1935 da suka cire su daga 'yan ƙasa suka hana auratayya. A Nuwamban 1938 aka ƙone wuraren ibadarsu aka farfasa shaguna a dare ɗaya. A Janairun 1942 manyan jami'ai goma sha biyar suka zauna a wani gida a bakin tafkin Wannsee suka tsara yadda ma'aikatu za su haɗa hannu, da yawansu masu digirin dakta ne. Kamfanin da ya ƙera tanderun ƙona gawa, Topf da 'Ya'yansa na garin Erfurt, kwangila ya karɓa kamar kowace kwangila. Hukumar jiragen ƙasa kuwa kuɗin mota take caja kan kowane kai, yara rabin kuɗi. Akawu da direba da injiniya, kowa ya yi nasa ya koma gida ya ci abinci da iyalinsa.

Hajiya_Kigali:
Malam Tukur kamar ka san abin da zan ce. Aiki ya zaunar da ni Ruwanda. A Gisozi akwai wurin tunawa da kisan 1994, an binne mutum sama da 250,000 a wurin. Su ba su da jirgin ƙasa ko iskar guba, adda ce da rediyo. Gidan rediyon RTLM ya yi ta kiran Tutsi kyankyasai har maƙwabci ya daina ganin maƙwabcinsa mutum. A sama akwai ɗakin yara, kowane hoto an rubuta abincin da yaron ya fi so da yadda aka kashe shi. Kuma sun ware sashe guda na kisan Yahudawa da na Herero da na Kambodiya, ba su ce namu kaɗai ne abin kuka ba. Tun daga lokacin in na ga ana kiran wata ƙabila da sunan dabba a sharhin Facebook sai gabana ya faɗi, kuma mu ma muna yi, ana kuma yi mana.

Zango_Kumasi:
Mu nan Gana Cape Coast da Elmina muke kai baƙi, kurkukun bayi na bakin teku. Kowa ya fito yana tsine wa Bature. Amma ka ce a je Salaga, inda kasuwar bayi take, inda fatakenmu na goro suka yi zamani, sai ka ji shiru. Tuna laifin wani ba wuya.

Dan_Kurmi77:
To mu a Najeriya ina namu? Kashe-kashen 1966, yaƙin basasa, Asaba, Maitatsine, Zangon Kataf, Jos, Boko Haram. Na je gidan tarihin yaƙi na Umuahia, tankoki ne da jirage da bindigogi, ban ga sunayen waɗanda suka mutu ba.

Bazazzagiya:
Hmm, Dan_Kurmi, ka gina irin wannan a nan, rigimar sunan wa za a fara rubutawa ita kaɗai sai ta tayar da wata fitinar.

Admin_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambayar Bakano. Na goge saƙo biyu na zagi. Duk wanda ya sake zagin wata ƙabila ko addini zan fitar da shi.

Likita_Balin:
Bakano, ga abin da za ka iya gaya wa abokin naka. Akwai Musulmi a cikin wannan tarihin. Wani likita ɗan Masar, Mohamed Helmy, ya ɓoye wata yarinya Bayahudiya a nan Balin har yaƙi ya ƙare, an karrama shi a 2013. Ƙaramin jakadan Turkiyya a tsibirin Rhodes, Selahattin Ülkümen, ya ceci mutum wajen 50 a 1944 lokacin da ake kwashe sauran zuwa Auschwitz. A Albaniya, inda Musulmi suka fi yawa, iyalai sun ɓoye baƙi saboda al'adarsu ta riƙon amana, har Yahudawan ƙasar bayan yaƙi suka fi na kafin yaƙi yawa.

A unguwarmu kuma ba sai ka je gidan tarihi ba. A daɓen bakin titi akwai 'yan faranta na tagulla, faɗinsu bai wuce tafin hannu ba, an rubuta: a nan wane ya zauna, an haife shi shekara kaza, an tafi da shi shekara kaza, an kashe shi a wuri kaza. Sun haura 100,000 a faɗin Turai. Akwai huɗu a ƙofar gidan da ke kusa da shagon da nake sayen nama, suna ɗaya, da gani uba ne da uwa da 'ya'ya biyu.

Malam_Tukur_Tarihi:
Likita gaskiya ne, amma a faɗi duka. Muftin Ƙudus na lokacin, Amin al-Husaini, ya gana da Hitila a Nuwamban 1941, ya zauna a Jamus yana yi musu farfaganda ta rediyo. Abin da ba daidai ba shi ne masu cewa shi ya kitsa kisan, don an riga an fara harbe-harben tun kafin ganawar.

Ummu_Sumayya:
Na karanta duka, kuma ban ce kar ya je ba. Amma ni dai har yanzu ina ganin duniya tana da gawar da take yi wa kuka da wadda take tsallakewa. Ranar da aka gina wa yaran Gaza irin ɗakin da Talatu ta faɗa, sai in yarda an koyi darasin.

Bakano_a_Polan:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ustaz na ji, Yaya Sada na ji. Zan je in sha Allahu. Na tura wa abokin nawa wannan muhawarar, ya ce shi dai yana kan bakansa, amma in na dawo in ba shi labari. Tambaya biyu: ana barin ɗaukar hoto a sauran wuraren? Sannan wani ɗan Sudan da ke nan da iyalinsa yana so ya tafi da ɗansa mai shekara tara.

Injiniya_Sada:
Hoto ana bari a yawancin wurare, ban da ɗakin gashi da ƙarƙashin gini na 11, inda ake azabtar da fursunoni. Amma don Allah ban da tsayawa kan layin dogo kana murmushi, na ga masu yi, abin ba kyan gani. A bayan Birkenau akwai kududdufai da aka riƙa zuba tokar mutane, ke nan duk inda ka taka kusan kabari ne. Ka leƙa rumfunan katakon nan, an zana su ne don dawaki 52, aka riƙa cusa mutum sama da 400. Ɗakunan gubar na can kango ne, 'yan SS sun tarwatsa su da nakiya kafin su gudu. A daidai wurin ka tuna Yahudawan Hangari sama da 400,000 da aka kawo cikin 'yan makonni a 1944, yawancinsu daga tarago aka wuce da su kai tsaye, an ce wanka za su yi.

Yaro kuwa, su kansu masu gidan tarihin ba sa ba da shawarar a kawo wanda bai kai 14 ba. Kuma ku tafi da katin shaida, don sunanka ke kan takardar shiga, babbar jaka ma ba a shiga da ita.

Maman_Hanifa:
Shekara tara? Haba. Ya bar yaro wajen uwarsa.

Talatu_Jos:
Ni ban sani ba fa Maman Hanifa. Yaranmu da suka ga abin da ya fi hoto da idonsu a unguwa, wa ya tambayi shekarunsu? Ya danganta da yaron, da kuma ko uban zai zauna ya amsa masa tambayoyi bayan sun dawo.

Gaskiya_Dokin_Karfe:
Bakano in ka je ka tambayar min jagoran maganar allon nan na miliyan 4, ina so in ji yadda su za su faɗa da bakinsu. Malam Tukur, wayar tangarahon da ka ce, a ina ainihin takardar take yanzu?

Malam_Tukur_Tarihi:
Tana ma'ajiyar takardun gwamnatin Ingila da ke Kew, a Landan. A shekarar 2000 aka gano ta cikin takardun leƙen asirin da aka buɗe wa jama'a.